Yadda za ka ajiye kanel uku ko huɗu na Linux a kwamfuta ɗaya ba tare da modul ɗinsu sun ci juna ba

Salam 'yan uwa. Wannan bayanin na masu haɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan inji, da hannunsu ne, ko don koyo ko don wani direba da ya ƙi aiki a kanel ɗin da ya zo da Ubuntu ko Debian. Korafin da yara masu koyo suke yawan kawowa a shagunan gyara nan Nima da Mamobi kusan iri ɗaya ne: "Masta na haɗa sabon kanel, bai yi min ba, na koma tsohon amma shi ma yanzu Wi-Fi ya ɗauke, sauti babu, mawus ma wani lokaci ba ya motsi." Sai yaro ya ce diski ne ya lalace ko GRUB ne, wato menun da ake zaɓar kanel a ciki lokacin kunna inji, ya goge komai ya sake zuba Linux daga farko ya ƙona data a banza, alhali abin da ya faru shi ne kanel biyu ya ba suna ɗaya, na biyun ya share kayan na farkon.

Toh bari mu fara daga sunan, don duk maganar a kansa take.

Buɗe tamina ka buga `uname -r`. Abin da ya fito maka, misali 6.8.0-45-generic ko 6.1.0-25-amd64, shi ne cikakken sunan kanel ɗin da kake kai yanzu, kuma da wannan sunan ne ake neman komai nasa. Modul ɗinsa, wato direbobi da sauran gutsattsarin da kanel ke lodawa in ya buƙace su, suna cikin `/lib/modules/` a folda mai wannan sunan daidai harafi da harafi, shi kansa kanel ɗin yana `/boot/vmlinuz-` sai sunan, haka initrd (ƙaramin kayan da kanel ke fara tashi da su kafin ya kai ga diski) da System.map da config (fayil ɗin saitin da aka gina shi da shi) duk sunan ne a wutsiyarsu. In ka ce `modprobe` ya loda wani direba ba ya tambayar kowa, sunan kanel mai gudana yake dubawa ya shiga foldar da ta dace. Kaga kenan kanel goma ma za su zauna lafiya a inji ɗaya muddin sunayensu goma ne daban-daban.

Matsalar tana zuwa ne in ka sauko da 6.12.9 daga kernel.org ka haɗa, sunansa 6.12.9 kawai, gobe ka canza wasu abubuwa a config ka sake haɗawa, sunansa har yanzu 6.12.9. Da ka buga `make modules_install` abin farko da yake yi shi ne goge foldar `kernel` da ke cikin `/lib/modules/6.12.9/` gaba ɗaya kafin ya zuba sababbi, ba ya tambaya, ba ya ajiye bakap. Abin da ke ƙara ruɗa mutane kuma, a Debian da Ubuntu `make install` yana mayar da tsohon vmlinuz ya zama mai `.old` a ƙarshe, GRUB ya nuna maka shi a menu, sai ka ɗauka kana da wajen komawa. Ka koma ɗin, tsohon kanel ya tashi, ya ce sunana 6.12.9, ya shiga folda ya tarar da modul ɗin wani ginin daban. Shikenan an fara.

Ba kowane kanel sunansa

Sunan ana haɗa shi ne daga lambobin da ke saman Makefile, wato VERSION da PATCHLEVEL da SUBLEVEL da EXTRAVERSION, sannan a liƙa abin da ka sa a CONFIG_LOCALVERSION. Tsofaffin bayanai da ke yawo a intanet za su ce ka gyara EXTRAVERSION a cikin Makefile, yana aiki amma ni ban so, don ka taɓa fayil ɗin sos ɗin kansa kuma duk ginin da ya fito daga wannan sos ɗin zai ɗauki sunan. CONFIG_LOCALVERSION yana zaune ne cikin `.config`, yana tafiya tare da saitin da ya bambanta wannan kanel da wancan, wanda shi ne daidai. A `make menuconfig` yana ƙarƙashin General setup, ko kuma ka yi shi da umarni ɗaya:

`scripts/config --set-str LOCALVERSION "-aiki1"`

Sai kanel ɗin ya zama 6.12.9-aiki1. Na gwaji ka kira shi -gwaji1, wanda ka kunna wa PREEMPT_RT, saitin da ke rage jinkirin amsawar kanel, don aikin sauti a situdiyo ka kira shi -rt1, tunda daga 6.12 da ya fito a Nuwamban 2024 wannan ya shigo cikin kanel ɗin asali ba sai ka nemo faci daga waje ba. Ka fara da alamar - ɗin nan, in ba haka ba za ka ga 6.12.9aiki1 a manne. Ƙananan haruffa da lambobi kawai, kar ka sa babban harafi kar ka sa alamar _ don in ka zo yin fakej na Debian zai ƙi, dokar sunan fakej ɗinsu ba ta yarda da su ba. Kuma kar ka rubuta tarihin rayuwarka a ciki, duka sunan ba ya wuce harafi 64.

Lambar da ke ƙarshe ita ce mutane ke raina wa. Duk lokacin da ka canza config ka ƙara ta, aiki1 ya zama aiki2, ko da abu ɗaya tak ka kunna. Na san da gajiya, kuma `/boot` zai riƙa cika, amma share tsoho aikin minti biyu ne, gyaran injin da ya ƙi tashi kuwa ya kan cinye yini.

Akwai kuma CONFIG_LOCALVERSION_AUTO, in sos ɗinka daga git yake to wannan zai liƙa lambar commit a sunan, irin -g da wasu haruffa, in kuma ka taɓa wani fayil ba ka yi commit ba ya ƙara -dirty. Ga mai rubuta faci kullum yana da amfani don kowane commit da sunansa. Sai dai bai san ka canza config ba, commit ɗaya config biyu suna ɗaya zai ba su, haka gyara biyu daban-daban da ba a yi wa commit ba duka -dirty ne. Don haka bai ɗauke maka sa naka sunan ba. In ka kashe shi kuma kana kan git a wajen da ba tag ba za ka ga alamar + ta fito a ƙarshen sunan, ba matsala ba ce, in tana damunka ka ƙara `LOCALVERSION=` haka nan ba komai a gabansa a layin make sai ta tafi.

Kafin ka zuba komai cikin inji, bayan gini ya gama, buga waɗannan biyun ka kwatanta da idonka (in da `O=` ka gina, wanda za mu zo kansa a ƙasa, ka sa shi a layin make ɗin ma):

`make -s kernelrelease`

`ls /lib/modules`

In sunan da na farko ya bayar yana cikin jerin na biyu, tsaya, kana shirin rufe wani ne. Na ce bayan gini don in ka canza `.config` yanzun nan ka tambaye shi zai iya ba ka tsohon suna, sai an yi `make prepare` ko cikakken gini yake sabuntawa.

Sos ɗaya, foldar gini daban-daban

Kar ka riƙa gini a cikin foldar sos. Make na kanel yana da `O=` wanda ke kai duk abin da aka gina wata folda:

`mkdir -p ../gini/aiki1`

`cp /boot/config-$(uname -r) ../gini/aiki1/.config`

`scripts/config --file ../gini/aiki1/.config --set-str LOCALVERSION "-aiki1"`

`make O=../gini/aiki1 olddefconfig`

`make O=../gini/aiki1 -j$(nproc)`

Ga mu da ke sayen data da sidi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tabol ɗin 6.12 wajen megabayit 140 da wani abu ne, ka sauko da shi sau ɗaya ka gina kanel biyar daga ciki. In ka taɓa gini a cikin sos ɗin a baya zai ce maka bishiyar ba ta da tsabta ka yi `make mrproper`, ka yi, amma ka kwafe `.config` ɗinka tukuna don mrproper har shi yake sharewa. Masu git da ke son 6.6 da 6.12 a lokaci ɗaya su yi `git worktree add` maimakon sake `git clone`, cikakken tarihin kanel gigabayit ne masu yawa.

Amma ba don data kawai nake cewa a raba ba. Bayan `modules_install`, a cikin `/lib/modules/6.12.9-aiki1/` akwai linki mai suna `build` da ke nuna foldar da aka yi ginin, kuma duk direban waje da za ka haɗa nan gaba ta wannan linkin zai bi ya ɗauko config da hedas da Module.symvers. Yanzu ka ɗauka kanel uku ka gina a folda ɗaya bi da bi, kowanne da sunansa mai kyau. Linkin ukun duka waje ɗaya suke nunawa, kuma abin da ke wajen na ginin ƙarshe ne. Sai ka ce a haɗa wa aiki1 direba, a haɗa shi da kayan gwaji3, a ajiye a foldar aiki1, ya ƙi loduwa kai kuma kana ta mamaki tunda ai ka raba sunaye. Wannan ita ce ta biyu a yawan kama mutane bayan ta suna.

In wuri ya yi maka kaɗan `make O=... clean` yana share yawancin tarkacen gini ya bar abin da direbobin waje ke buƙata. Mrproper ne dai kar ka yi wa foldar kanel ɗin da kake amfani da shi.

Abu biyu a gefe ga mai kwafo config ɗin Ubuntu. Zai tsaya maka da kuka a kan `debian/canonical-certs.pem`, ka mayar da SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS su zama fanko da `--set-str` ɗin nan da "" a gaba. Sannan config ɗin yana gina dubban modul, a kan irin laftof ɗin hannu na biyu da ake saye a Circle, Core i5 mai ram giga 8, sai ka ci waken rana ka yi la'asar bai gama ba. `make localmodconfig` yana rage shi zuwa abin da `lsmod` ya nuna an loda a lokacin, don haka ka jona duk abin da kake amfani da shi kafin ka buga, filas da modem da firinta da waya, abin da ba a jone ba direbansa ba zai shiga ba.

Me kanel ke dubawa kafin ya karɓi modul

Nan ya kamata ka zauna ka gane sosai don shi zai sa ka iya karanta kukan da `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ke yi. Kowane fayil na `.ko` yana ɗauke da wani layi da ake kira vermagic, ka gani da kanka:

`modinfo -F vermagic sunan_modul`

Zai nuna maka sunan kanel ɗin da aka gina shi dominsa da wasu kalmomi irin SMP preempt mod_unload modversions. Lokacin lodi kanel yana kwatanta wannan da nasa, in sun saba ya ƙi, `modprobe` ya ce Exec format error, `insmod` ya ce Invalid module format, a `dmesg` kuma ka ga version magic kaza should be kaza. Wannan ƙin alheri ne wallahi, ya gaya maka gaskiya tun da wuri.

In an kunna CONFIG_MODVERSIONS kanel ba ya kwatanta sunan da ke cikin vermagic, sauran kalmomin kawai, amma akwai bincike na biyu mai zurfi, kowane aiki da kanel ke ba modul damar kira ana lissafa masa wata lambar CRC daga siffarsa, lambobin suna cikin Module.symvers, modul yana tafe da lambobin da ya sani. In ka canza config ta yadda wani tsari na ciki ya canza girma, lambobin sun canza, sai ka ga disagrees about version of symbol module_layout. Da ka ga wannan layin kar ka wahalar da kanka, modul ɗin na wani ginin ne. Unknown symbol kuma yawanci yana nufin modul yana neman abin da wannan kanel ɗin ba a gina shi da shi ba, ko wani modul da ya dogara da shi bai shigo ba.

Mai haɗarin ita ce wadda ba ta kuka. Suna ɗaya, MODVERSIONS a kashe, config daban. Vermagic ya yi daidai tunda sunan bai canza ba, kanel ya buɗe ƙofa, modul ya shiga yana taɓa wurare a ƙwaƙwalwa bisa tsarin da ba shi ne a wurin ba. Wani lokaci inji ya daskare nan take, wani lokaci sai bayan awa uku kana tsakiyar kwafe hotunan bikin wani kwastoma, kuma in modul ɗin na fayil-sistem ne ko na diski to abin zai iya taɓa bayanan da ke kai. Shi ya sa nake cewa a bar MODVERSIONS a kunne, kuma shi ya sa `modprobe --force` da wasu ke ba da shawara ba magani ba ne, cire mai gadin kawai ka yi.

Zubawa

In da hannu za ka yi, modul tukuna sannan kanel, don `make install` yana kiran abin da ke gina initramfs, wato initrd ɗin nan, kuma shi yana buƙatar ya tarar da modul a wurinsu:

`sudo make O=../gini/aiki1 INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install`

`sudo make O=../gini/aiki1 install`

INSTALL_MOD_STRIP=1 ɗin nan kar ka manta shi in config ɗinka na da DEBUG_INFO, in ba haka ba foldar modul ta kai gigabayit, initrd ya kumbura ya kai ɗaruruwan megabayit, kanel biyu sun cika maka `/boot`. Kuma ka duba batir ko UPS kafin ka buga, mun san halin dumso, gini in wuta ta ɗauke ka ci gaba daga inda ya tsaya amma zubawa in ta yanke a tsakiya folda rabi za ta bari.

Ni dai shawarata ga duk mai Debian ko Ubuntu ko Mint ya bar zubawa da hannu ya yi fakej:

`make O=../gini/aiki1 -j$(nproc) bindeb-pkg`

Zai fito maka da linux-image-6.12.9-aiki1 da linux-headers-6.12.9-aiki1 a matsayin `.deb` a foldar da ke sama da ta ginin, ka zuba su da `sudo dpkg -i`. Ribar ita ce dpkg ya san kowane fayil na waye, hedas suna zuwa `/usr/src/` a folda mai sunan kanel ɗin, linkin `build` ya nuna can, kaga ko ka goge foldar gini ba abin da ya karye, cirewa kuma `apt purge` ne kawai. Ga mai shago ma ka gina a inji mai ƙarfi ka ɗauka a filas ka zuba a sauran. Akwai na uku da zai fito, linux-libc-dev, shi kar ka zuba, sunansa ba ya ɗauke da sunan kanel don haka zai hau kan na distro ɗinka ne. Masu Fedora nasu `binrpm-pkg` ne. Fakej dai bai hana ka sa suna ba, in sunan ɗaya ne dpkg zai ɗauka sabuntawa kake ya maye gurbin tsohon.

Initramfs shi ma na kowane kanel daban ne, ƙaramin kwafi ne na modul ɗin da ake buƙata kafin a kai ga diski. Inda ake zamewa shi ne `update-initramfs -u` haka nan ba `-k`, shi mafi sabon kanel yake sabuntawa, ba lallai wanda kake nufi ba. Kullum ka faɗi suna, `sudo update-initramfs -u -k 6.12.9-aiki1`, in sabo ne `-c` a madadin `-u`, a Fedora `dracut --force --kver` sai sunan. Haka `depmod -a` in ka kwafa modul da hannu cikin foldar wani kanel, ka sa sunan a gaba, in ba ka sa ba na kanel mai gudana zai gyara wa modules.dep ya bar wanda ka taɓa.

Direbobin waje

Ƙananan Wi-Fi na USB ɗin nan da ake sayarwa a Tip Toe Lane da yawansu cif ɗin Realtek ne a ciki, wasu direbansu ba ya cikin kanel sai ka sauko da shi ka haɗa, haka NVIDIA da VirtualBox. In ka buɗe Makefile ɗin irin waɗannan za ka ga `uname -r` a ciki, ma'ana in ka buga `make` kawai, kanel ɗin da kake kai zai gina wa. Don gina wa wani sai ka nuna masa:

`make -C /lib/modules/6.12.9-aiki1/build M=$PWD modules`

kuma ka yi clean tsakanin kanel da kanel. Amma in kanel ɗinka sun wuce biyu ka bar wa DKMS wannan aikin, kamfanin Dell ne ya fito da shi tun 2003 don daidai wannan ciwon kan. Sos ɗin direba yana zama a `/usr/src/` da fayil ɗin dkms.conf, shi kuma ya gina kwafi daban wa kowane kanel ya ajiye a foldarsa, a Debian da Ubuntu cikin `updates/dkms`. `dkms status` zai jero maka wane direba aka zuba wa wane kanel, in wani ya rasa ka yi `sudo dkms autoinstall -k 6.12.9-aiki1`. In ya faɗi ka karanta make.log a ƙarƙashin `/var/lib/dkms/`, sau da yawa direban ne ya tsufa, kanel ba ya alkawarin tsarin cikinsa zai tsaya yadda yake daga siga zuwa siga, direban da ya haɗu lafiya a 6.1 zai iya ƙi a 6.12 kuma wannan ba rikicin suna ba ne, sabon direba za ka nema. Ka kuma yi amfani da kwamfailar (compiler, manhajar da ke juya sos ya zama abin da inji ke gudanarwa) da ka gina kanel ɗin da ita, `cat /proc/version` zai nuna maka, in da Clang ka gina kanel kar ka zo wa modul da GCC.

Wani abin lura, foldar `updates` tana gaba da `kernel` a wajen depmod, don haka in direba ɗaya yana wuri biyu na `updates` ne zai ci. Sai ka ga mutum ya haɗa sabon kanel musamman don direban da aka gyara a ciki, DKMS kuma ya ɗora masa tsohon na waje a kai. `modinfo -k 6.12.9-aiki1 -n sunan_modul` zai gaya maka takamaimai wane fayil za a loda.

Maganar sa hannu a taƙaice: in CONFIG_MODULE_SIG na kunne kowace foldar gini tana ƙirƙiro makullinta a `certs/signing_key.pem`, modul ɗin da aka sa wa hannu da makullin aiki1 baƙo ne a wajen gwaji1, in an tsaurara sai ka ga Key was rejected by service. In Secure Boot na kunne kuma kanel ɗin da ka haɗa ba zai ma tashi ba sai ka sa masa hannu ka shigar da makullinka ta `mokutil`, ko ka kashe shi a BIOS in injin gwaji ne.

Abin da suke tarayya a kai

Abin kamar gidan haya ne a Sabon Zango, kowa da ɗakinsa da kwaɗonsa amma famfo da mita na kowa ne. Duk raba sunan da ka yi, `/etc/modprobe.d/` ɗaya ne, `/etc/modules-load.d/` ɗaya ne, `/etc/fstab` da `/lib/firmware` ma haka. Ka sa blacklist na nouveau, wato ka hana lodin direban katin NVIDIA da ke zuwa cikin kanel, don kanel ɗin da ke da direban kamfanin NVIDIA, ka tashi da ɗayan da DKMS bai gina masa NVIDIA ba, ba wannan ba wancan, allo ya dawo da manyan haruffa ko ya yi baƙi. In hanin na kanel ɗaya ne to a layin umarninsa na GRUB ya kamata ya zauna, `modprobe.blacklist=nouveau`, ka yi masa shigarwa tasa a `/etc/grub.d/40_custom`. Haka in ka mayar da wani direba ya zama a cikin jikin kanel maimakon modul, options ɗin da ka rubuta masa a modprobe.d ba za su yi aiki ba, sai dai a layin GRUB a rubuta sunan modul, ɗigo, sunan saitin.

Fimwaya kuma akwai dabara da ba kowa ya sani ba, kanel yana duba `/lib/firmware/` sai folda mai sunansa kafin ya duba ta kowa da kowa, don haka in gwaji1 na son sabon fayil na katin Wi-Fi ka buɗe `/lib/firmware/6.12.9-gwaji1/` ka sa masa a can, sauran ba su san an yi ba.

GRUB yana jera kanel ne daga mai babbar lamba, wato na gwajin da ka haɗa jiya shi zai zama na farko tunda ya fi 6.8 ɗin Ubuntu 24.04 ko 6.1 ɗin Debian 12. A `/etc/default/grub` ka sa GRUB_DEFAULT=saved ka yi `update-grub`, ka kafa amintaccen da `grub-set-default`, na gwaji kuma ka shige shi da `grub-reboot` wanda tashi ɗaya kawai yake yi, in ya daskare ka kashe ka kunna ka dawo gida. Sunan shigarwar sai ka haɗa da na ƙaramin menu, kamar "Advanced options for Ubuntu>Ubuntu, with Linux 6.12.9-gwaji1". Ga injin da ke wani ofis a Madina kai kana Nima kana shigarsa ta SSH wannan ne zai hana ka hawa trotro da rana tsaka, ko da yake in ya daskare sai an sami mai danna maɓallin. Kuma kanel ɗin distro kar ka cire shi ko naka ya fi shi gudu, shi ne wanda ake aiko wa gyaran tsaro ba tare da ka tuna ba.

In ka zo sharewa ka fara da `uname -r` don ka tabbata ba wanda kake kai ba ne. Sai `dpkg -S /lib/modules/sunan`, in ya ce na wani fakej ne ka bar apt ya cire, kar ka sa hannu. In da hannu ka zuba, ka cire direbobin DKMS nasa da `dkms remove` da `-k` da sunan, ka yi `update-initramfs -d -k` da sunan, ka goge vmlinuz da System.map da config nasa a `/boot` har da masu `.old`, ka goge foldarsa a `/lib/modules`, sannan `update-grub`. Wajen `rm -rf` ɗin ka rubuta sunan cikakke ka bar alamar tauraro, 6.12.9* zai kwashe aiki1 da aiki2 da rt1 duka a tare. Config ɗin kuma ka kwafe shi wani wuri kafin ka goge, kilobayit ɗari biyu da wani abu ne kawai, ranar da sabon gini ya ƙi ganin katin sauti `scripts/diffconfig` tsakanin tsohon da sabon zai nuna maka layin da ya bambanta.